Yayana Ya Kashe Shanun Mutane, Ni Aka Ce In Ba Da Shaida

Hajiya, don Allah ki taimake ni da shawara, raina ya ɓaci har abinci ba ya shiga.

Ni likitar dabbobi ce, ina aiki tsakanin Isa da Sabon Birni. Shekara shida na yi ina karatun wanga aiki. Yayana Ibrahima kuwa, uwa ɗaya uba ɗaya, kwas ɗin kwana biyar ya yi. Wata ƙungiya ta tara su a ɗakin taro, aka nuna musu hotuna a bango, ko jelar akuya ba su taɓa ba, aka raba musu jaka da sirinji da takarda mai hatimi. Shi ke nan, a kasuwa shi ne Dokta, ni kuma ƙanwar Dokta.

Wannan duk na haɗiye. Abin da ya ƙona mani rai a ƙauyen Turba ya faru. Kaska ta addabi shanun wani makiyayi, Malam Maliki, ya kira Yaya. Maganin kaska ya ƙare wa Yaya, sai ya ɗauko maganin feshin wake, wai ai ƙwaro duk ƙwaro ne. Ya dama shi da kauri, ya shafe shanu da tsakar rana. Da aka kira ni, na tarar da su kwance suna karkarwa, kumfa na zuba a baki. Muka yi ta wanke su da sabulu, na yi allurar da ke hannuna. Biyar suka mutu, har da saniyar da iyalinsa ke shan nononta. Ko yankawa ba a yi ba, wa zai ci nama mai guba? Dattijon nan bai zage mu ba, cewa ya yi ƙaddara ce. Wallahi da zaginmu ya yi da ya fi mani sauƙi.

Yanzu ƙungiyarmu ta likitocin dabbobi za ta kai kuka gaban hukuma a hana irin wanga kwas. Sun ce ni za ni tashi in ba da labarin Turba, tunda da idona na gani. Inna ta ji, ta ce in na tona asirin ɗan'uwana a bainar jama'a, kada in ƙara taka gidanta. Shi kuwa gogan ko a jikinsa, jiya ma na gan shi yana ɗaure jaka a babur. Yaya za ni yi?

Ƙanwar Dokta, daga Isa

'Yata, fushinki yana kan hanya. Dabba ba ta iya faɗin inda ke mata ciwo, shi ya sa haƙƙinta yake da nauyi.

Amma ki tambayi kanki me ya sa Malam Maliki ya kira yayanki bai kira ki ba tun farko. Ku likitoci ba ku da yawa, kuma yadda hanyoyinku suke, akwai rugagen da ba ku kaiwa, shi yana kaiwa. In aka kori masu kwas ɗin duka, makiyayi da kansa zai dama maganin. Ku nemi a tsawaita horon, a yi shi a cikin garke, kuma kowane mai allura ya zama yana da likitan da yake amsa wa.

Ki tashi ki ba da shaidar. Taron ba kotu ba ne, ba sai kin kama suna ba, babban laifin na waɗanda suka ba shi hatimi ne. Ki ɗauki kawunku ku je ku yi wa Inna wannan bayani a tsanake.

Shi kuma Ibrahima ki same shi ku biyu. Ya je ya nemi gafarar mai shanu, kuma kada ya sake taɓa dabba sai ya tuntuɓe ki. In ya ƙi, ki kai sunansa wurin shugabanninku a asirce, ko da Inna za ta yi fushi. Kada ki jira ranar taro, gobe ma akwai mai garken da zai kira shi.

Allah Ya sanyaya zuciyarki, Ya daidaita tsakaninku, Ya mayar wa Malam Maliki da alheri.