Littattafan da Kake Mantawa a Tagar Kaka

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa kana cikin rahama, ya haskaka makwancinka. Na san ba za ka karanta wannan wasiƙa ba. Ko da kana raye ma ba zan iya miƙa maka ita ba, kai ma ba za ka karɓa a gaban mutane ba. Ni ce ɗiyarka ta fari. Ba ka taɓa kiran sunana ba, sai dai ka ce yarinyar Kaka. Idan na shigo wuri sai ka sami abin dubawa a wani gefe. Haka aka yi maka, haka ake yi a gidanmu, kuma ban taɓa jin haushi ba. Amma yau abu ya matse ni, ba ni da wanda zan faɗa wa sai kai.

Mutanen gida suna nan. Inna tana takaba, ta rame ƙwarai, ba ta cin abinci sai Kaka ta yi mata faɗa. Kaka kuma ciwon gwiwarta ya tashi, yanzu a zaune take salla. Mutanen Masama da na Diggi sun yi ta zuwa ta'aziyya. Wani tsoho ya zo daga ruga da ƙwaryar nono a bayan keke, ya zauna a zaure yana tambaya wa zai yi wa shanunsu allura bana. An yi rabon gado lafiya, gona da shanu da babur, ba a ji kan kowa ba. Saura littattafanka.

Baba, gobe za a kwashe su.

Yayanka Baffa Sambo ya ce yana buƙatar ɗakinka ya zuba albasa, kuma gara ta fara cin adakar ƙasa. Ya tambaya a gaban magada ko akwai mai karanta waɗannan tarkacen. Kowa ya yi shiru. Ni ma ina can bayan Goggo Hajo, na yi shiru. Sai ya yanke yadda za a yi. Littattafan addini za a kai wa liman a ajiye a masallaci, an kuwa kai. Sauran kashi biyu ne. Duk wanda akwai aya ko sunan Allah a cikinsa za a ƙona shi a binne tokar, don kada a wulaƙanta shi. Wanda babu, za a zuba a buhu a kai wa wani mutum a Kalgo da ke sayar wa masu ƙosai da masu tsire takardar naɗi. Kuma ka san wa aka sa ta ware su? Ni. Baffa ya ce ni ce na yi zurfi a boko, idona zai fi saurin gani.

Tun ranar nake zaune a ɗakinka ina buɗe su shafi shafi. Wannan na wuta, wannan na mai ƙosai. Da farko na yi murna duk lokacin da na ga an rubuta sunan Allah, ina cewa na tsamo wannan daga hannun mai ƙosai. Sai na tuna inda tsibin nan zai je. Wanne ya fi, Baba? In sa shi inda zai ƙone da mutunci, ko inda wani zai iya karanta rabin shafi kafin ya goge hannu? Na kasa sani. Na yi tunanin in ɓoye ko guda biyar cikin akwatina na makaranta, amma ba nawa ba ne ni kaɗai, akwai haƙƙin ƙannena a ciki. Ba zan fara riƙe littafinka da sata ba.

Babu wanda ya san na karanta su. Kusan duka na karanta.

Ka tuna yadda abin yake? Kakan dawo daga Birnin Kebbi ko Sakkwato da littafi ɗaure a bayan babur. Sai ka karanta, bayan 'yan kwanaki ka shigo gaida Kaka da shi a hannu. Idan ka fita sai in same shi a bakin tagarta. Kaka takan ce wannan mutum da mantuwa yake, wata rana kansa zai bari a nan. Ni kuwa sai in ɗauka in shige bayan rumbu. Idan na gama in mayar inda na same shi, kashegari ba ya nan. Sannan da la'asar, idan abokinka Malam Buba tela ya rufe shago ya zo zaure, sai ka ɗauko maganar wannan littafin. Katanga ɗaya ce tsakanin zaure da ɗakin Kaka. Kai da ba ka da ɗaga murya, a nan kaɗai nake jin kana ɗagawa.

Ni na ji ra'ayinka a kan kowanne. Kai ba ka taɓa jin nawa ba. Bari in faɗa maka tun suna nan.

Labarin nan na makiyayin da shanunsa suka mutu ya tafi birni gadi. Ka ce wanga marubuci bai taɓa tatsar saniya ba, don babu saniyar da za ta tsaya wa baƙo ya tatse ta ɗanta ba ya kusa. Gaskiyarka. Amma Baba, na yi kuka a wurin da mutumin ya ji kukan shanu a motar mahauta ya bi ta da gudu. Ban damu da kuskuren tatsar ba. Malam Buba ya ji haushi don azzalumin da ya cuci makiyayin bai gamu da komai ba a ƙarshe, har ya ce marubucin ya ci amanar mai karatu. Kai ka ce wannan ne kaɗai gaskiyar da ke cikin littafin. Ka yi haƙuri, ni bayan Malam Buba nake. Mun san duniya haka take. Me zai hana a bar mu mu huta a takarda?

Babban littafin tarihin nan mai jan bango, da kuka kwashe damina guda kuna musu a kansa. Malam Buba yana son sa don an ambaci garin kakansa sau ɗaya. Kai ka ce an ambata ne a wurin lissafa waɗanda suka gudu, shi kuma ya ce ai ko gudu sai mai ƙafa, ku da ba a ambace ku ba fa? Na toshe bakina da gyale don kada ku ji dariyata. Ni littafin ya gundure ni, sarki ya hau, sarki ya sauka. Babi ɗaya na so, inda aka faɗi abin da mutane suka ci a shekarar yunwa. Na yi ta mamaki, ina matan suke duk tsawon shekarun nan? Wa yake dafa wa mayaƙan abinci? Da na so in ji me za ka ce.

Na taurarin nan na Turanci, rabi kawai na fahimta. Ka so shi ƙwarai, ka ce mutum ya karanta shi sai girman kansa ya sauka. Ni tsoro ya ba ni. Na daɗe ba na son ɗaga kai sama idan na fita alwala.

Akwai kuma na soyayyar nan mai hoton fure. Ka zage shi tas, ka ce ɓarnar tawada ce, masoyan ba su da aiki sai suma da farfaɗowa. Goggo Hajo da ta gan shi jiya ta ɗauke shi da yatsa biyu kamar mataccen ɓera, ta ce irin waɗannan ne suke lalata 'ya'yan mutane, ba ta san me ya kai ka saye ba. Amma ka bar shi a taga, Baba. Masoyan shirme ne, na yarda. Sai dai akwai uwar yarinyar, wadda ba ta iya faɗa wa ɗiyarta komai sai ta hanyar zuba mata abinci. Ita na bi har ƙarshe. Ka lura da ita? Ko don ita ka bar shi?

Wanda na fi so duka ba za ka zata ba. Na cututtukan shanu ne, mai hotuna, wanda kake aiki da shi. Sau ɗaya ka bar shi, kwana biyu kawai. Na karanta yadda ake gane ciwon huhu daga tsayuwar saniya da numfashinta. Tun daga nan duk garken da ya wuce ƙofar gida sai na tsaya ina duba su ɗaya bayan ɗaya. Aikinka nake so in yi, Baba. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko malamar da ke tambayarmu a aji. Wannan littafin babu aya a cikinsa. Yana cikin buhu na biyu, da hannuna na sa shi.

A makaranta ƙawata Zainabu 'yar Dangoma tana cewa duk littafin da bai ƙare da biki ba asarar ido ne. Malamin Hausa kuma kullum tambayarsa ɗaya, wane darasi muka koya. Ina rubuta masa darasin, ina cin makin. Amma ban taɓa jin wani ya yi fushi da littafi kamar yadda ake fushi da mutum ba, sai kai. Ban taɓa jin wani ya ce marubuci ya yi ƙarya a nan, amma a can ya taɓa gaskiya ba, sai kai. Wa zan saurara yanzu? Malam Buba bai ƙara zuwa zaure ba. Na hango shi a bakin shagonsa, keken ɗinki a gabansa, ba ya takawa.

Ga abin da ya fi ci mini rai. Ban tabbata ba. Da kana nan ban taɓa shakka ba, amma yanzu da nake zaune cikin ƙurar adakunka tambayar ta ƙi barina. Da gangan kake barin su, ko kuwa Kaka ce ta yi gaskiya, mantuwa ce kawai? Don ni kake ɗaga murya, ko don kunnen Malam Buba ya fara nauyi? Ka san ina bayan katangar? Ka taɓa lura da inda na lanƙwasa shafi? Idan duk ni ce na ƙirƙira wa kaina, to me ke tsakanina da kai, Baba, ban da gaisuwar safe da kake amsawa kana kallon ƙasa? Kana zazzaɓi ina makaranta, aka zo ɗaukata bayan an riga an kai ka. Ko da na iske ka da rai na san ba zan tambaya ba. Kai ma ba za ka faɗa ba.

Hanya ɗaya ce ta rage, na kuma san ta. Baffa ba mugu ba ne. Idan wani cikin magada ya ce yana so, zai tara mutane ya nemi yardarsu, ƙila ma ya ji daɗi an rage masa aiki. Sai dai dole in buɗe baki in ce ina so. Zai tambaye ni me zan yi da su. Sai in ce ina karantawa. Zai ce tun yaushe, wa ya ba ni? Sai in ce kai. A gaban Inna, a gaban Goggo Hajo, in ce akwai wani abu tsakanin ɗiyar fari da ubanta. Goggo za ta riƙe haɓa ta ce yau ga rashin kunya, uban da ko kallonta bai taɓa yi ba take yi wa ƙage yana kabari. Idan ta faɗi haka me zan ce, ni da kaina ban tabbata ba? Kuma idan gaskiya ne, ban tona maka asiri ba? Kai da ka ɓoye abin nan shekara da shekaru don ka tsare al'adar gidanku?

Na gwada, wallahi na gwada. Shekaranjiya na je wurin Baffa yana auna albasa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa, ya jira. Na sake gaishe shi. Ya yi dariya ya ce ko gaisuwar ta bana da ta baɗi nake haɗawa. Na tashi na tafi. Na je wurin Inna, na zauna a bakin ƙofarta har aka kira la'asar. Ita ma kunyata take ji, ta tura mini kwanon fura ba ta dube ni ba. Na sha na fito.

Hutu ya ƙare, gobe zan koma makarantarmu a Kalgo. Baffa ya ce tun da a-kori-kurar da za ta kai buhunan can za ta je, ba sai an nema mini wata mota ba, in hau baya in zauna a kansu, sun fi katako laushi. Na wuta kuma ya ce a bari sai ya dawo. Shi zai zauna gaba kusa da direba. Akwai mai ƙosai a bakin ƙofar makarantarmu, Baba. A wurinta muke saye duk ranar da aka bar mu muka fita. Ina ganin ranar da za ta miƙo mini ƙosai, mai ya jiƙe hoton huhun saniya.

Ba zan iya ba. Gara Goggo ta faɗi duk abin da za ta faɗa. Da safe idan an kawo motar ba zan hau ba. Ban yi alkawarin magana za ta fito ba, na san kaina. Amma tsayuwa na iya. Zan tsaya a ƙofar ɗakinka in riƙe bakin buhun da hannu biyu, har sai Baffa ya gaji ya tambaye ni me ya faru. Idan ya tambaya, ko da kuka ne zan faɗa. Idan na kunyata ka, ka yafe mini. Idan kuwa abin da kake jira ke nan tun da can, to ka ga na makara, amma na zo.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya sa Aljanna ce makomarka. Sai mun iske ku.

Ɗiyarka,
Balkisu