Hajiya Ta Tafi, Akuya Tana Nan

Zuwa ga mahaifina, Malam Umaru direba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar 'ya ga mahaifinta. A makaranta an koya mana cewa a nan ake rubuta "ina fatan kana lafiya". Na daɗe riƙe da biro ban san abin da zan sa a wurin ba. Ina fatan kana cikin rahama. Mu ma muna nan a Tudun Wada, ba mu tashi ba.

Na rubuto ne in sanar da kai cewa an sayar da ɗaya daga cikin motocinka. Hajiya ce ta tafi, mai fulogi shida. Akuya, mai fulogi huɗu, tana ƙofar gida ƙarƙashin dogon yaro inda ka bar ta. Ni na jawo, shi ya sa nake so ka ji daga wurina.

Bayan addu'ar arba'in, ƙanenka Bappa Manu ya zo daga Jekadafari. Ya ce za a sayar da mota ɗaya a raba wa magada, ɗayar kuma yayana Hamma Sadiƙu ya ci gaba da jigila da ita zuwa Kaltungo kamar yadda kake yi, tunda da ita za mu ci abinci. Ba wanda ya yi musu. Abin da ya rage shi ne wacce za a bari.

Kai ka raɗa musu sunayen nan, kuma sun dace. Hajiya idan an tayar da ita sai mutum ya matso kafin ya ji inji yana aiki. A hawan da ake yi idan za a fita gari ta hanyar Bauchi, ko mun cika ta har da buhu a but, ba ka canza giya, ka ɗan taka kawai ta wuce. Akuya kuwa tun daga tayarwa take rawa, madubi na rawa, har haƙoran mutum. A hawan nan sai ka dawo giya ta biyu, tana kuka, masu babur suna wuce mu, kana bubbuga sitiyari kana cewa, "Yi haƙuri, saura kaɗan." Amma man da Hajiya za ta shanye kafin Kaltungo, Akuya za ta je da shi ta kusa dawowa. Wannan kowa ya sani. Hamma ya ce ba komai, fasinja suna son sanyi da gudu, za su biya.

Kowa kuma ya san gwajin shayi. Ka buɗe bonet, ka bar inji a silo yana aiki a hankali, ka ɗora kofin shayinka a kai, mutane su leƙa. Idan shayin bai motsa ba, inji ya ci jarrabawa. Duk layinmu sun sha ganin wannan.

Abin da ba su gani ba shi ne na safiyar Juma'a, kafin kowa ya fito. Kakan ba ni farin hankicinka, in tsuguna a bayan mota in tara shi a bakin salansa, kai kuma ka taka totur sau uku. Na Akuya yana fitowa da ɗan toka-toka busasshe, ana hurewa ya tafi. Na Hajiya ɗigo-ɗigo ne baƙi, idan aka murza da yatsa sai ya yi maiƙo. Sai ka kalla, ka auno baƙin mai cikin gwangwanin madara ka ƙara mata. Ka ce mini, "Shayi na baƙi ne, Ummi, hankici namu ne. Kada Innarki ta ji, za ta ce a sayar." Ban faɗa ba. Ni dama ba ni da magana, ka sani.

Wata Asabar suka taru don a zaɓi wacce za a bari, Bappa da Hamma da maƙwabta uku. Aka kawo shayi a kofinka. Aka ɗora a kan Akuya, ya yi ta fallatsa har ya zuba. Aka yi dariya. Aka ɗora a kan Hajiya, ya kwanta kamar ruwan randa. Bappa ya ce, "To kun gani da idonku, Hajiya za a bari. Ko marigayi ne a nan, abin da zai ce ke nan."

Ina tsaye a zaure. Tun da sassafe na nemi hankicinka a cikin motocin biyu ban same shi ba, ina jin ya bi ka asibiti. Farin hijabin makaranta ne a jikina. Hamma ya shiga Hajiya yana ta taka totur don mutane su ji muryarta. Ban san lokacin da na zagaya na tsuguna ba. Na tara wa salansarta gefen hijabin na dama. Akuya ma tana kunne, na tara mata gefen hagu. Ba wanda ya kula da ni.

Na shiga ɗaki wurin Inna, tana takaba, tana zaune a kan darduma. Na miƙa mata gefen biyu. Ta murza, ta sunsuna, ta ce tun yaushe. Na ce tun ina aji biyar. Sai ta ce, "Ashe can gwangwanayena suke tafiya." Ta aika a kira Bappa zaure.

Bappa ya ce, "Yarinyar da sai an kasa kunne kafin a ji gaisuwarta, ita ce yau za ta koya mana mota?" Amma ya murza shi ma. Ya sa aka kira abokinka Oga Ayuba, bakaniken nan ɗan Billiri. Ya zo ya kwance fulogan Hajiya ya jera su a ƙasa, biyu sun jiƙe sharkaf da baƙin mai. Ya ce, "Ringin inji ya tafi, shi ya sa take shan baƙin mai. Na faɗa wa Umaru tun bara, ya ce in ƙyale masa Hajiyarsa. Idan yaron nan ya yi wata biyu yana Kaltungo da ita kullum, a hanya za ta kwana, ku kuma ku kwana da yunwa." Ya kwance na Akuya, duka huɗun a bushe. Ya ce wannan mummuna ce amma za ta aurar da Ummi.

Shi ya sayi Hajiya a ƙarshe, ya san ciwonta, ya ce zai gyara a hankali. Ba a ɓoye wa kowa komai ba, na san za ka tambaya.

Hamma ya yi kwana uku bai yi mini magana ba. Ban ji haushi ba. Gaskiya, Baba, ba na jin komai sosai tun ranar da aka fita da kai. Mata suna ta kuka, ni ina wanke kofuna. An ce ina da tauri, an kuma ce a sa mini ido. Ina cin abinci, ina zuwa makaranta, ina dawowa.

Ranar da Oga Ayuba ya zo ɗaukarta na nemi izini na zauna a kujerar baya kaɗan. A cikinta ka kai ni jarrabawar gama firamare. Har yanzu tana ƙanshin turarenka da citta. Da ni aka tambaya wacce nake so, ita zan ce. Ba a tambaye ni haka ba, ni ma ban tambayi kaina ba sai da na fito. Ya ja ta, na saurara, kafin ta kai kwanar masallaci na daina jin ta. Dama ba ta da ƙara.

Na tona maka asiri, Baba. Ka yafe mini. Kai ka koya mini kallon hankici, ban san yadda zan yi in gani in ce ban gani ba.

Yanzu kullum bayan asuba Hamma yana tayar da Akuya. Tagar ɗakinmu tana rawa tare da ita. Jiya na ji shi yana bubbuga sitiyari yana ba ta haƙuri. Da yamma ya dawo da ayaba daga hanya, ya ajiye mini biyu a kan jakata.

Hijabin kuma na wanke sau huɗu. Gefen hagu ya fita tas, na dama ya ƙi. Inna ta ce a sa masa kalanzir. Na ce to, amma ban sa ba. Na ninke shi a ƙasan akwati.

Allah Ya jiƙan ka, Baba. Allah Ya yalwata maka makwanci, Ya haskaka shi, Ya sauƙaƙa maka hawan da ke gaba, Ya kai ka ba tare da wahala ba. Allah Ya tsare Hamma a hanya, Ya ba Inna haƙuri, Ya haɗa mu da kai a Aljanna. Amin.

Gobe Juma'a. Zan tara wa Akuya gefen hagu.

'Yarka,
Ummi