Wandon Ƙetare Ruwa

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ni Delu, matar marigayi Yusha'u masunci, wadda mutanen Yelwa suka fi sani da Delu Mai Keke, nake rubuta wannan da hannuna, hankalina a jikina, ba wanda ya tilasta ni. Ƙafafu ne suka kumbura, numfashi ya gajarce, amma kai lafiyarsa lau. Har yau ina duban mace in faɗi yadin da zai ishe ta ban taɓa tef ba. Na rubuta muku ne ku uku, Magaji da Yasira da Sufyanu. Kada a jira mutuwata kafin a buɗe. Sufyanu, ka karanta wa Yasira, sannan ka shiga jirgi ka ƙetara Tungar Yusha'u ka karanta wa Magaji tun ina numfashi. Abin da ke cin raina ba gida ba ne, ba gona ba ce. Nusaiba ce, ɗiyar Magaji, da take ƙetare ruwan nan duk ranar kasuwa da zani ɗaure a ƙugu.

Na ɗaya. Gidan nan da gonar shinkafa da ke hanyar Shanga, ba ni da ta cewa a kansu. Allah ya riga ya raba, ku kira malami ya raba muku. Sufyanu, na san idonka, kada ka fara yi wa gonar kuɗi a zuci kafin a wanke ni. Akwai yadin mutane a cikin kabad, na maƙala wa kowane ƙyalle sunan mai shi. Wanda na yanka Yasira ta ƙarasa, wanda ban yanka ba a mayar. Atamfar Hannah maƙwabciyata tana ciki, ta bikin Kirsimeti ce, ita za a fara yi, don matar nan ta ɗebo mini ruwa fiye da yadda zan iya lissafawa.

Na biyu. Keken ɗinki da almakashi babba, ina roƙon ku, ku mazan, ku bar wa Yasira cikin rabonta. Ku biyun ko zare ba ku iya sa wa allura ba.

A kan keken nan na koyi ɗinkin da ake kira Pakistan, kuma ban taɓa zaunar da ku na ba ku labarin yadda ya kamata ba. Ina amarya a garin nan, akwai malamai 'yan can ƙasar da ke koyarwa a sakandare. Matar malamin lissafi, sunanta Farwin, takan zo sayen ɗanyen kifi wurin ubanku, ba ta son banda. Ba ta jin Hausa, ni ba na jin nata, amma ta ga ina satar kallon wandonta, sai ta kama hannuna ta ja ni gidanta. Da tsohuwar jarida take yanka mini misali, in na karkace ta buge mini yatsa da bayan almakashi, mu yi ta dariya. Ita ta nuna mini kamis, wato rigar da ke sauka zuwa gwiwa da tsaga gefe da gefe, da shalwar, wando mai faɗin ƙugu da ake tattarewa da zariya, ƙafarsa a tsuke. Ta nuna mini curida, wanda ke kama ƙwauri, tsawonsa ya wuce ƙafa har ya taru a idon sawu kamar awarwaro. Fatiyala kuwa tattara ce a kan tattara, cin yadi gare shi kamar ba a san wahalar kuɗi ba. Da aikin mijinta ya ƙare suka tafi, ta bar mini keken. Sunan garinsu kawai na riƙe, Multan. Ban sani ba ko tana raye. Duk ranar da na ji ƙamshin shayi mai madara da kanumfari sai in ji kewarta ta taso mini kamar jiya muka rabu. Ku riƙa sa ta a addu'a, ta ci wannan a wurinku, don da sana'arta kuka yi makaranta.

Na uku. Wannan ba rabon komai ba ne, labarin yayarku ne, kuma dole ku ji shi daga bakina.

Sa'adatu ita ce 'yar farina. Kun san al'ada, ban taɓa kiran sunanta ba, sai dai in ce ke, ko yarinyar nan. Ban taɓa rungumar ta a gaban mutane ba. Lokacin nan ɗinkin Pakistan kayan kwalliyar Sallah ne kawai, ana ɗinka wa 'yan matan gari masu son su yi kama da na cikin fim. Ban taɓa tunanin ɗinka mata na yau da kullum ba, ita ma ta fi son zaninta. Yarinya ce mai kunya, ko tari ba ta yi da ƙarfi. Amma a ruwa ba mai kama ta. Ɗiyar masunci ce, ta iya iyo tun kafin ta iya daka.

Ranar kasuwa ce, da rana tsaka, tana dawowa daga tunga wurin kakarta. Ina tsaye a bakin ruwa ina jiran ta, Magaji yana goye a bayana. Jirgin da take ciki ya kife bayan ya bugi kututture, cikin itatuwan nan da ruwan dam ya shanye ya bar gindinsu a ƙasa. Ba nisa, ina ganin fuskokin mutane. Tsofaffi sun fita, waɗanda ba su kai ta iya ruwa ba sun fita. Matar da ke kusa da ita ta gaya mini daga baya cewa zaninta ne ya kwance, ba komai a ƙasa sai ɗan fatari, ga maza ko'ina suna ceto. Maimakon ta buga ruwa sai ta sa hannu biyu ta riƙe zanin, shi kuma ya naɗe mata ƙafafu. A ranar na fara kiran sunanta, na kira da iyakar muryata, ban sani ba ko ta ji. Da yanzu ta yi jikoki. Ina kewarta, ba zan ɓoye muku ba, shekarun nan duk ba su rage komai ba. In na ga budurwa ta sauko daga jirgi tana gyara ɗaurin zani, sai in kau da kai.

Tun daga nan na daina ɗinka Pakistan don ado kawai. Yasira, kin san yankan, amma bari in rubuta don kada son gayu ya ɗauke ki. Fatiyala ba na jirgi ba ne, tattararsa tana shan ruwa ta yi nauyi kamar buhu. Sharara, mai buɗaɗɗiyar ƙafar nan da amare ke so, zani ne mai baki biyu, a bar shi a gidan biki. Haka doguwar rigar anarkali mai baza gindi. Na ruwa shi ne shalwar marar tattara da yawa, yadi marar nauyi, ƙafa a tsuke, zariya mai ƙarfi a cikin ƙubaka, riga iya gwiwa da tsaga mai tsawo don ƙafa ta samu hanya. Hijabi a kai ya zama wanda hannu ɗaya zai cire. Matan tunga da suka zo ɗinkin irin wannan, ki sassauta musu, ki ci ribarki a wurin amare.

Na huɗu. Magaji da Yasira, maganar gabarku.

Yasira ta ɗinka wa Nusaiba kaya ta aika, kai Magaji ka maido su a ledar da suka je, ta hannun mai jirgi, ka ce wando kayan maza ne da 'yan fim, ɗiyarka ba za ta sa ba. Ita kuma, da bakin nan nata da ba ya jiran a tambaye shi, ta tare ka a tsakiyar masu kifi ta ce karatun naka bai wuce gemu ba. Tun daga ranar ba ku gaisa ba, har Sallah biyu ta wuce. Yasira, ke ce ƙarama, kuma kin zubar masa da girma a gaban mutanen da yake ja salla. Ki je ki durƙusa ki ba shi haƙuri, ba ta waya ba, ba ta bakin mijinki ba. Ban ce maganar kaya kika yi kuskure ba, a yadda kika faɗe ta ne.

Kai kuma Magaji, ba zan yi maka gardamar karatu ba, ka fi ni. Na san don kishin ɗiyarka ka yi, kuma ina alfahari da yadda ka tarbiyyantar da ita. Amma ka tambayi malaman da suka je Makka, su gaya maka abin da matan Pakistan ke sawa su yi ɗawafi. Farwin ban taɓa ganin ko idon sawunta ba, a tsaye ko a zaune ko tana hawan mota. Zani kuwa iska kaɗan ta ishe shi. Kunyar da kake so Nusaiba ta yi, tana da ita har ta yi yawa, kuma ita ce ke ba ni tsoro. Tafiyarta, yadda take sunkuyar da kai in an yi mata magana, duk na yayarka ne. Na tabbata in abin nan ya same ta a ruwa, zanin za ta riƙe.

Rabonka da ka zauna a kan tabarmata ka ci tuwo har na manta. Kana zuwa gaisuwa a tsaye daga bakin ƙofa don kada ka haɗu da ƙanwarka a ɗakin ɗinki. Ina jin ƙarar babur a waje sai in gyara zama, in ce ko kai ne. Ban yi fushi ba, kewarka nake yi.

Na biyar. Nusaiba ba ta cikin magadana, saboda haka wasiyya ta halatta gare ta, kai ma ka san wannan. Na bar mata akwatina na ƙarfe da abin da ke ciki. Kaya ne na ɗinka mata da hannuna kafin ƙafa ta ƙi taka keke, kala uku na ruwa, da curida ɗaya kore na kwalliya don kada ta ce kakarta ba ta san zamani ba. Na bar yadi a cikin ɗinkin, in ta ƙara jiki Yasira ta buɗa mata. Ban auna ta ba, da ido na yi, kuma idona bai taɓa cin amanata ba. In kana so ta ɗaura zani a kan wandon ta ratsa gari, ta ɗaura, ban hana ba. Ko ya kwance a ruwa sai ta sake shi ya tafi, ba abin da ya bayyana. Rigar nan mai hana nitsewa ma in an samu a sa, ba ta maye gurbin wannan, wannan ma ba ya maye gurbinta. Sufyanu, ka tafi da akwatin ranar da za ka kai takardar nan, kuma kada ka dawo da shi ko an ce ka dawo da shi.

Na shida, kuma shi ne na ƙarshe. Na san kwana na Allah ne, wanda wa'adinsa ya cika ko a kan gado sai ya tafi. Ba na jayayya da wannan. Amma an umurce mu da yin abin da za mu iya, ni kuwa abin da na iya ke nan, yanka da ɗinki.

Ranar da za a aiko muku na rasu, hankali zai tashi, za a cika jirgi da mata da yara a taho cikin gaggawa. Magaji, ka saurare ni da kyau. In ka yarda Nusaiba da uwarta da ƙannenta mata su sa wando, ka kawo mini su su zauna makokina, ina son a ce sun zo. In zuciyarka ba ta yarda ba, ba zan yi maka baki ba, amma ka bar su a tunga. Na yafe musu ta'aziyya, na yafe musu sadakar uku da ta bakwai. Ka zo kai kaɗai ka sallace ni. Kada a ce wata ɗiya tawa ta sake shiga ruwan nan da zani saboda ni.

Na yafe muku duk abin da kuka yi mini, wanda na sani da wanda ban sani ba, ku ma ku yafe mini. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku masu yi muku biyayya, ya tsare ku a tudu da ruwa. Magaji, kai ne uba yanzu, ka riƙe ƙannenka, ƙofar gidan nan kada ta rufu ga kowa a cikinku. Ku ci abinci a kwano ɗaya ko da sau ɗaya ne a shekara. In Allah ya ara mini kwana kaɗan, zan sa a kai ni bakin ruwa ranar kasuwa mai zuwa, in zauna a inuwar rumfar masu banda. Ina so in ga yarinyar nan ta sauko daga jirgi hannunta biyu a sake.

Innarku,
Delu.