Na Binne Tallan Gonar Babanmu, Yanzu Dillali Zai Saye ta a Wulaƙance

Assalamu alaikum admin da mutanen wannan gida, barkanmu da warhaka. A taimaka a ɓoye sunana. Ku kuma masu karatu don Allah ku ba ni shawara kafin ranar Juma'a, don ni kam kaina ya ƙulle.

Ina aure a cikin garin Gwarzo, amma asalinmu mutanen Kutama ne. Na yi difloma a kwamfuta, shekara biyu ke nan ina yi wa wani dillalin filaye aiki daga gida, zan kira shi Alhaji kawai. Ni nake rubuta tallan gonaki da filaye a shafinsa na intanet. Rubutun ba shi ne aikin ba, aikin shi ne gano kalmomin da mai saye yake bugawa idan yana nema. Nakan fara rubuta "gonar sayarwa" a wurin bincike in ga da me zai ƙarasa min, in leƙa guruf-guruf na dillalai in ga yadda mutane ke tambaya, in tattara. A nan na gane mutumin birni ba ya neman "katafaren fili na alfarma", irin abin da Alhaji yake so a rubuta da dogon Turancin da shi kansa sai ya yi tuntuɓe sau uku kafin ya furta. Abin da suke bugawa shi ne gona bakin titi Gwarzo, ko filin kiwon kaji kusa da Kano, ko gona mai takarda Kabo. Tun da na fara sa waɗannan a kan talla wayar Alhaji ba ta huta ba, shi kuma yana zagaya kasuwa yana cewa dabararsa ce.

To ina da wani yaya, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekararsa ta haura arba'in, ba noma ba kasuwa, sai bin wani ɗan siyasa na Kabo yana riƙe masa hula da waya. Ya sa yaran gari suna ce masa Honarabul, alhali ko shugaban ajinsu ba a taɓa zaɓensa ba. Da Babanmu ya rasu aka raba gado, babbar gonar da ke bakin titi ta faɗa a kasonsa. Bai taɓa sa fartanya a cikinta ba, Inna ce take sa a nome ta duk damina, kuma dawa da geron da ke fitowa a nan su ne abincinta da na ƙannena mata biyu har shekara ta zagayo. Kason namu mu mata ɗan tsiri ne a bayan gari, ko rabin shekara ba zai riƙe gidan ba.

Wata uku da suka wuce sai ga shi ya kai wa Alhaji gonar a sayar, wai mota zai saya, don ba ya yiwuwa mutum kamarsa ya riƙa zuwa taro a kan acaɓa. Ya biyo gidana yana ƙamshin turaren aro, ya ce min, "Ke ce kika iya abin nan, ki gyara shi sosai ya tafi da wuri. Kuma kar in ji maganar a bakin Inna." Na ce masa Yaya me za su ci, ya ce Allah ne mai ciyarwa, kuma in an ba shi muƙami da tirela zai kawo musu shinkafa. Na ce muƙamin da ake jira tun ina firamare? Muka yi ta sama da ƙasa, ya ce ba ni da tarbiyya, ya fita ya bar min ƙofa a buɗe.

Ga laifina, ba zan ɓoye ba. Na rubuta tallan, amma na binne shi. Ban sa Gwarzo ba, ban sa Kano ba, ban ambaci titi ko takarda ba. Sunan da muke kiran gonar da shi a gida na sa a sama, wanda in ba mu ba babu wanda ya san shi a duniya, sannan na cika ƙasan da irin Turancin nan na Alhaji. Yaya ya gani a wayarsa ya yi ta washe baki, har ya tura wa abokansa, don shi in abu ya yi tsawo to ya yi kyau. Wata biyu da rabi ko kiran kuskure ba a yi ba. Ni kuma ina murna, a tunanina zai gaji ya haƙura.

Ashe ban san Alhaji ba. Shekaranjiya ya kira ni, muryarsa har da dariya a ciki, ya ce, "'Yata, ke da kika sayar min da filin da ke kan kwata cikin sati biyu, wannan ce ta gagare ki? To ba komai, a bar ta haka, kar ki taɓa komai." Ya gane abin da na yi sarai, mutumin da na raina wa wayo saboda bai iya kunna kwamfuta ba. Ya je ya samu Yaya ya ce ai ka gani da idonka, har intanet an sa babu mai so, amma saboda mutuncin marigayi shi zai taimaka ya saya. Abin da ya taya ko rabin darajarta bai kai ba. Shi kuma sakaran ya amince har da godiya, Juma'a bayan masallaci za su sa hannu. Na san ranar Asabar Alhaji zai ce in gyara tallan da kalmomin gaskiya, ya sayar wa wani mai kaji ya ninka.

Yanzu in na gyara tallan a ɓoye, na tabbata kafin Juma'a za a kira da tayi mai kyau, amma da hannuna na sayar da abincin Inna, kuma aikina ya tafi. In na gaya wa Yaya gaskiya, zai san na ci amanarsa a kan haƙƙinsa na gado, kuma na san bakinsa, har ƙauyen Madadi sai an ji. In na yi shiru gonar ta tafi a banza, kuma ni na jawo. Mijina ya ce babu ruwansa da rigimar gidanmu.

Jiya na je Kutama da niyyar in faɗa wa Inna komai. Na same ta a tsakar gida tana zaɓen manyan zangarniyar dawa tana ɗaurewa daban, ta ce min, "Irin baɗi ne, bana gabashin gonar ya fi kyau, shi nake so a maimaita." Na zauna na taya ta ɗauri har la'asar, sannan na kama hanyar gida.

Jama'a in gyara tallan, in tona kaina a wurin Yaya, ko in koma in gaya wa Inna ta daina ware irin? Wanda zai zage ni ya zaga, na cancanta, amma ya haɗa da shawara.