Zuciyar Sani a cikin sikana

Daren Laraba, Zongo

Yau an kore ni daga ɗakin asibiti, kuma wallahi ni na jawo.

Tun da ƙanena Sani ya yanke jiki ya faɗi wajen ƙwallo a unguwar Fidjrossè, Inna ke cewa iska ce. Likita ya ce a sa shi a sikana, injin ɗaukar hoton cikin jiki, a ga jijiyoyin zuciyarsa. Amma hoton ba ya fita sai zuciya ta lafa, tasa kuwa dukan uku-uku take don tsoro.

Na ce, "Kwantar da hankalinka, Sani, injin nan kaji yake gasawa, kai kuwa ƙashi ne zalla." Ya tuntsire da dariya, bugun ya ƙaru. Madam mai kula da injin ta nuna mini ƙofa.

Ina fita na ce wa Sani, "Yi Ƙulhuwallahu a zuci, a hankali!" Suka ƙara masa da magani, hoto ya fito.

Ashe jijiya ɗaya ce ta biyo hanyar da ba tata ba tun haihuwa, in ya yi gudu sai ta matse. Likita ya ce aiki zai gyara ta, in sha Allah, amma banda ƙwallo kafin nan.

Ga Sani nan a gida yana minshari. Na ɓoye masa takalman ƙwallo cikin buhun Inna. Wannan karon ba tsokana ba ce.