Maganin Tsinka Jini

Kaduna

Zuwa ga Ma'u matar Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, tunda an yanke layin waya a Birnin Gwari, ga takarda ta hannun Salim direba, ga kuma mijinki na maido miki, ki daina yi mini kallon ɓarawo.

An yi aikin lafiya. Ba su tsaga ƙirjin Yaya Labaran ba. Ta jijiyar hannu suka zura wata siririyar waya har zuciya, suka buɗe inda ya toshe, suka bar ɗan ƙarfe ya tokare wurin. Likita ya ce jini yana son daskarewa a jikin ƙarfen nan, in kuwa ya yi gudaji to sai dai Allah. Ƙwayoyin da ke aljihunsa maganin tsinka jini ne, kullum ɗaya, kada ya tsallake.

Ki gai da yara.
Ƙanin mijinki, Habibullahi

Kutemeshi

Habibu,

Salamu alaikum, ina gaisuwa, amma babu lafiya. Ranar Talata da hantsi ɓarayin daji suka faɗo mana a gona ana yankan dawa, uku-uku a kan babur. Allah ya tsine musu albarka! Nathaniel maƙwabcinmu suka fara harbewa, yana riƙe da dami, ƙwaƙwalwarsa a kan zangarniya. Yayanka ka san shi da taurin kai, wai ba zai saki shanun huɗa ba. Wani ɗan iska da bai isa aski ba ya sare shi da adda a cinya har sai da na ga farin ƙashi, ya taka masa wuya yana dariya.

Ni da Gloria matar Nathaniel muka jawo shi gida, ita gawar mijinta tana can yashe. Jini kamar an yanka rago. Sai Allah ya tuna mini ka ce akwai maganin tsinkewar jini, na ba shi biyu, da la'asar na ƙara biyu. Na jiƙa zane huɗu, har dasashinsa zuba yake. Anya maganin nan na kirki ne? Ka aiko wani mai ƙarfi, tsoro nake ji.

Taka, Ma'u

Kaduna

Ma'u,

Salamu alaikum. Innalillahi! Ki tsaya, don girman Allah ki tsaya! Ba maganin tsinkewar jini ba ne, shi ne yake TSINKA jinin, ya hana shi daskarewa. Kowace ƙwaya ƙara buɗe ciwon take. Bayanina ne ya yi gajere, wallahi.

Na tare likitan a ƙofa. Ya ce a danne ciwon da ƙarfi a ɗaure, a dakata da ƙwayar, amma a kawo shi asibiti yau-yau, don idan ya kwana biyu babu ita jini zai kama ƙarfen. Ko a amalanke ne ku fito da shi.

Allah ya ba shi lafiya.
Habibullahi

Kutemeshi

Habibu,

Salamu alaikum. Takardarka ta iso, na daina ba shi. Hanya kuwa ba ta biyuwa, sun ƙone motar da ta fita bayan Salim da mutanen cikinta.

Jinin ya tsaya. Har ya sha kunu, ya tambayi shanunsa. Ranar Juma'a yana alwala ya dafe ƙirji ya kife a kan buta. An kai shi makwancinsa bayan la'asar.

Ka tambayar mini likitan, wanda na ba shi ne ya kashe shi ko wanda na hana shi? Kada ka aiko mini da amsar.

Allah ya ba mu haƙuri.
Ma'u