Kamu Ɗaya da Rabi

Zuwa ga mahaifina, marigayi Alhaji Sanda na Nyohini.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin wadda ɗa ke yi yana durƙushe, ina gabatar maka da rahoton binciken da na gudanar, wanda a ƙarshensa, da ladabi nake faɗa, kai ma ka shiga jerin waɗanda ake zargi.

Guguwar farkon damina ta kwashe eriyar da ka kafa a bisa ɗakin mahaifiyata, Mma. Kafin mu gama tattara kwano, masu sayen tsohon ƙarfe sun riga sun yi mata sutura. Daga ranar rediyon Mma ya daina kamo tashar Salaga, garinsu, inda ake karanta sanarwar rasuwa kowace safiya. Aminiyarta Hajiya Lami ta rasu, ba ta ji ba sai bayan sadakar bakwai. Kwana biyu ba ta ci tuwo ba. Waya kuwa, ka san ra'ayinta: ta ce abin da ke shiga aljihu ba ya faɗin gaskiya.

Don haka ni, wanda ko ƙwan fitila ban taɓa canzawa ba sai da shaidu, na sayo bututun jan ƙarfe a wurin wani mai gyaran firji a Changli. Ina tuna ka a tsakar gida, zarto a hannu, kana cewa: "Reshe biyu, kowanne kamu ɗaya da rabi, ka fuskantar da ita Salaga." Haka na yi, ban rage ba, ban ƙara ba. Na hau kwano, na ɗaure ta a gora. Rediyo ya yi ta shuuu kamar ana suyar ƙosai.

Na fara zargin mai firji, ko ya cuɗa mini jan ƙarfen da baƙi. Ya rantse har da kabarin kakansa. Na koma kan maƙwabcinmu Afa Issa, wanda tun da ya kafa farantinsa na talabijin yake gaishe ni da fara'ar da ta wuce kima. Har zabin gidansa na sa wa ido, don suna yawan taro a gindin gorar.

Daga nan zargi ya iso kanka. Na ce lallai akwai wani sirri da ka tafi da shi da gangan, don kada a daina ambatonka a gidan nan.

Mma ce ta kashe shari'ar. Ta shafa hannuna daga gwiwa zuwa yatsa, ta ce da wannan guntun abin na yi awo? Ashe kamun naka nake nema da hannuna, alhali kai sai ka sunkuya kafin ka shiga ƙofa, ni kuwa na yi gadon dangin uwa.

Ta buɗe adakarta, ta fito da wani farin yadi, kamu shida, da ka auna mata da hannunka, wanda ba ta taɓa bari almakashi ya taɓa ba. Na ninka shi huɗu, na yanka sabon bututu daidai tsawonsa. Ban so na mayar da yadin da wuri ba, Baba. Na daɗe rabona da tsayawa kusa da hannunka haka.

Jiya da safe Salaga ta yi magana, tas. Mma ta saurari sunayen har ƙarshe, babu na mutanenta ko ɗaya. Ta yi hamdala, ta ce a ɗumamo mata tuwo.

Allah Ya yalwata kabarinka da awon da ya fi naka, Ya haskaka shi, Ya bar mana Mma tana saurare shekaru masu yawa.

Ɗanka mai gajeren hannu,
Mamman